Kular Ranar Alhamis

Shekara tara ke nan cif a wannan watan da rasuwar yayana, Malam Lawal, wanda ɗaliban Najeriya a Alƙahira suke kira Yaya Lawal, har waɗanda suka girme shi. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa. Abokansa sun rubuta nasu tuntuni. Sun faɗi karatunsa, sun faɗi haƙurinsa, sun faɗi yadda yake zuwa filin jirgi ya tarbi sabon ɗalibin da bai taɓa gani ba, ya kai shi unguwar Hay el-Sabi' ya nema masa wurin kwana. Duk gaskiya ne. Abin da ya ɗaure mini hannu daban ne: akwai mutum ɗaya a garin nan da ya kamata in gaya wa Yaya ya rasu, ban gaya masa ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Mutumin tsoho ne mai sayar da taliya.

Mu 'yan Funtuwa ne, kuma 'ya'yan mai taliya. Mahaifiyarmu, Inna, da taliya 'yar murji ta rufa mana asiri. Injinta a ɗaure yake a jikin benci a tsakar gida, Yaya ne mai murzawa tun yana ɗan shekara goma, Inna tana tarar zaren taliyar tana ratayawa a igiya. Da hantsi a dafa ta ta yi luguf, a zuba manja, a barbaɗa yaji, yaran unguwa su yi layi. Ni ban taɓa murza injin nan na minti biyar ba, aikina ci ne da sharhi. Amma da wannan na tashi ina ganin duk duniya babu wanda zai koya mini taliya.

Yaya ya riga ni zuwa Masar da shekara biyar. Da na samu tallafin karatu na biyo shi, muka zauna gida ɗaya a Hay el-Sabi', hawa na biyar, mu shida a ɗaki biyu. Matarsa da 'yarsu Hafsat suna gida Funtuwa, sai hutu yake ganinsu. Watannina na farko ƙorafi na yi ta yi. Ful, wato dafaffen wakensu, da safe, ful da rana, idan an ji daɗi a ci kushari, wanda ni har yau ban gane dalilin da zai sa mai hankali ya haɗa shinkafa da taliya a kwano ɗaya ba. Yaya kuwa bai san ƙorafi ba. Shi mutum ne mai yawo da hanci a buɗe. Ya san wace Basudaniya ce take tuƙa asida mai kama da tuwo a unguwar Arba wa Nus, ya san wane mahauci ne ba ya cika ma'auni da ƙashi. Idan ya ce wuri kaza akwai abinci mai kyau kuma aljihun ɗalibi zai ɗauka, ba a musu da shi.

Duk ranar Alhamis yakan hau ƙaramar bas, ya sauka ya shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, zuwa Hadayek el-Maadi, inda yake koyar da Alƙur'ani a gidan wata dattijuwa, Hajja Amna, Bahaushiyar Sudan ce wadda kakanninta suka taso aikin hajji a ƙasa suka yada zango a can. A hanyar dawowa daga gidan ne wata rana, ya ce, ya ji wata ƙara daga wani lungu da ta tsayar da shi cak. Ƙarar injin murza taliya ce, irin na Inna sak. Ya leƙa, sai ga zaren taliya a rataye a jikin sanda, ga wani tsoho gajere da fulawa har gwiwar hannu.

Shagon ba shi da allon suna. Tebur huɗu ne, tsakanin mai guga da mai sayar da lemo, da gwangwanaye a bakin taga an shuka ganyen raihan, mai kama da ɗoɗɗoyarmu. Mai shagon, Ammu Fathi, wato Baffa Fathi a bakinsu, Bamisire ne da ya yi shekara ashirin da wani abu a Italiya. Da wankin faranti ya fara, ya ƙare shi ne mai riƙe da tukunya, sannan ya tattaro ya dawo unguwarsu. Wanda ya san Alƙahira ya san abincin Italiya iri biyu ne a garin: na manyan otal-otal na bakin Nilu, inda ɗalibi ko takardar farashin ba zai so ya gani ba, da na shagunan kan titi da suke gasa burodi su malala masa jan abin nan mai zaƙi da suke kira katshab, su ce fiza ce. Na Ammu Fathi ba ya cikin ko ɗaya. Tumatir ɗanye yake saya da kansa, da tafarnuwa da man zaitun da ɗan cuku, kwaɓin kuma da hannunsa yake yi kullum da safe. Farantinsa bai fi kuɗin kushari biyu ba. Kuma duk wanda ya nemi katshab a shagon, ƙofa ake nuna masa.

Yaya, da yake ɗalibin shari'a ne, abin da ya fara tambaya shi ne ko ana sa giya ko naman alade a girkin. Tsohon ya nuna masa tabon sallah a goshinsa, ya ce shekara ashirin Turawa ba su sa ya ɗanɗana ba, sai yanzu da ya dawo kusa da masallacin unguwarsu? Yaya ya yi dariya, ya naɗe hannun riga, ya karɓi mariƙin injin ya fara murzawa. Tsohon ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Ya Sheikh, a wace jami'a aka koya maka wannan?" Yaya ya ce, "A tsakar gidan uwata." Daga ranar suka ƙulla. Duk Alhamis bayan darasi sai ya biya, ya murza masa inji, su ci tare, su yi ta hira kan yadda injin Italiya ya je Funtuwa.

Sai rana ta zo da ya ce in raka shi. Na shirya kamar yadda kowane Bahaushe yake shiri idan zai ci abincin baƙi: na ɗauki ƙullin yajin Inna na jefa a aljihu. Aka kawo mini faranti. Taliya ce da ɗan jan miya da ko rufe ta bai yi ba, da ganye uku a kai. Na naɗo da cokali na kai baki, sai na ji ɗan ƙarfi a tsakiyarta. Na ture farantin na ce, "Yaya, wannan ai ba ta dahu ba." Ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ina, na riga na ɗaga hannu na kira tsohon. Da Larabcin littafi da na kwaso daga aji, a gaban mutane, na ce masa ya mayar da ita wuta.

Ammu Fathi ya ce haka ake cin ta, haƙori ya kamata ya san ya haɗu da wani abu. Na ce masa ni ɗan mai taliya ne, a cikinta aka haife ni. Sannan na yi abin da ya ƙarasa ɓata lamarin: na kwance ƙullina, na zazzaga yaji har jan miyar ya koma ruwan ƙasa, miyar da ko ɗanɗana ta ban yi da kyau ba. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu ya ɗauke farantin daga gabana, ya dubi Yaya ya ce, "Ya Sheikh Lawal, ka kai ƙanenka wajen mai kushari, ga shi can a kwana." Mutanen teburin kusa suka kwashe da dariya. Na miƙe na fice ko ƙullin yajin ban ɗauka ba. A tashar metro na gaya wa Yaya ƙafata ba za ta ƙara taka lungun nan ba, kuma ya daina kawo mini zancen wannan tsohon mara mutunci.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma Yaya ba ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Amma duk Alhamis idan ya sa takalmi sai ya tambaya sau ɗaya, "Nuhu, za ka?" Ni kuma in ce, "Allah ya kiyaye hanya." Sai ya ɗauki wata shuɗiyar kula da Inna ta haɗo ni da ita, mai tsagaggen murfi, ya sa a leda ya fita. Gab da magariba ya dawo ya ajiye mini ita ya ce, "Ga naka." In buɗe in ga taliya ta yi luguf yadda Allah ya halicce ta, an yi mata wanka da yaji. Na san gidan Hajja Amna yake zuwa, na san matan Hausa ba sa barin malamin 'ya'yansu ya fita hannu rabbana, don haka ban taɓa tambaya ba. In ci ina santi, in ce, "Ka ga taliya. Don Allah ka gaya wa tsohon nan naka ya je ya yi wata uku a kicin ɗin Hajja Amna." Yaya ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, "Zan gaya masa." Shekara uku muka yi a haka. Abin da kawai ya dame ni a shekarun shi ne yadda yajinmu yake saurin ƙarewa, na sha tsare abokan zamanmu da zargi, su kuma su yi ta rantsuwa.

Ciwonsa bai yi mako ba. Ran Lahadi ya ce kansa yana sara masa, muka ce mura ce. Ran Talata muka kai shi asibiti, ran Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa. A nan Alƙahira muka binne shi. Ni na riƙa kiran mutane, Funtuwa, Kano, Zinder, malamansa, abokan karatunsa da suka koma gida, har mai gadin gidan da ya fara zama. Hajja Amna ta zo gaisuwa da jikokinta. Na yi mata godiya, na ce Allah ya saka mata da alheri kan taliyar da take aiko mini duk mako. Ta dube ni kamar ba ta ji abin da na ce ba, na ɗauka kuka ne ya toshe mata kunne.

Washegarin rasuwar Alhamis ce. Bayan la'asar wayar Yaya ta yi ƙara a aljihuna, na duba, sunan Ammu Fathi ne. Ban ɗauka ba, don a ranar ko sunana ba na iya faɗa ba tare da murya ta karye ba. Alhamis ta biyu ya sake kira. A wannan karon zan iya magana, amma zuciya ta ce mini, da wane baki za ka yi wa mutumin da ya kore ka a gaban jama'a magana? Na ce sai gobe. Alhamis ta uku ya kira har sau biyu, a lokacin kuma kunya ce ta kama ni, don zai tambaye ni me ya sa sai yanzu. Na kashe wayar na sa a akwati. Daga baya layin ya mutu, ni kuma na gaya wa kaina magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Na gama karatu ban koma gida ba, na zama tafinta, ina raka marasa lafiyarmu da suke zuwa asibitocin Masar. Na yi aure, 'ya'yana suna yi mini Larabcin Masar ina mayar musu da Hausa. Sau da yawa idan ina tafe a gari nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Alƙahirar yau. Gadoji sun hau kan titunan da muke tsallakawa da gudu. Hay el-Sabi' ta cika da ɗaliban da ba su san sunan mai ful ɗin layinsu ba, don daga kan katifa suke danna waya, mai babur ya kawo musu abinci har ƙofa. Sai sun ɗauki hoton faranti kafin su yi bisimilla. Ina jin da zai yi murmushin nan nasa ya ce, to ta yaya mutum zai san wanda ya dafa masa? Tsadar rayuwa kuwa, na san da ba zai tsaya kuka da ita ba, takalmi zai sa ya shiga lunguna har ya gano inda talaka zai ci mai kyau. Ni dai abin da na sani shi ne, aikina yana yawan kai ni asibitocin Maadi, kuma duk lokacin da metro ta tsaya a Hadayek el-Maadi sai in sunkuyar da kai ina duba waya har ta tashi.

Bana Hafsat ta zo karatun likitanci. Tana da shekara goma mahaifinta ya rasu, yanzu ga ta budurwa, tafiyarta irin tasa, har yadda take karkata kai idan tana sauraro. A makonta na biyu, muna cin abinci a gidana, ta ce, "Baffa, ina ne wajen Ammu Fathi?" Na tambaye ta ina ta san shi. Ta ce a hutunsa na ƙarshe Babanta ya dafa musu taliya mai ɗan ƙarfi a tsakiya, kowa a gidan ya ƙi ci sai ita, shi ne ya yi mata alkawarin idan ta girma ta zo Masar zai kai ta wajen abokinsa ta ci ta gaske.

Na ce, "Ai irin waɗannan ƙananan shagunan duk sun rufe."

Ta ce, "Ka je ka ga an rufe?"

Na fara hawa, na ce yarinya daga zuwanta za ta tsare ni da tambaya kamar 'yar sanda. Matata ta ajiye cokali ta zuba mini ido, ita ta san labarin. Daga ƙarshe dai na sauko na faɗi gaskiya, tun daga yaji har zuwa wayar da na kashe. Hafsat ta dubi farantinta. Can ta ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, "Ashe ke nan shi har yau bai yi wa Baba addu'a ba." Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni a lissafina tsohon na hukunta, ko kaina na kare daga kunya. Ban taɓa tunanin Yaya na tauye ba, na hana shi addu'ar mutumin da yake ƙaunarsa har shekara tara. Tsoro kuma ya kama ni, don tun a wancan lokacin tsohon ya haura sittin.

Ran Alhamis bayan azahar muka tafi. Unguwar ta canza, 'yan'uwanmu na Sudan da yaƙi ya koro sun cika ta, ko'ina ƙamshin turarensu da hayaniyar keke-napep da suke kira tuk-tuk. Sau biyu ina ɓata hanya. Mai guga ya zama shagon gyaran waya, mai lemo ba ya nan. Amma gwangwanayen raihan suna bakin taga, kuma tun kafin mu ƙarasa na ji ƙarar injin. Wata mata ce take murzawa, daga baya na ji 'yarsa ce. Shi kuwa yana zaune a kujera bakin ƙofa, ya rame, sanda a tsakanin ƙafafunsa.

Na yi sallama ya amsa bai gane ni ba. Na ce ni ne ƙanen Sheikh Lawal. Ya ɗago ya ƙare mini kallo, sai fuskarsa ta ɗaure. Ya ce, "Mai yaji." Na ce ni ne. Ya ce, "Ina yake? Ya zama babban malami a ƙasarku, ya manta da masu kwaɓa fulawa?" Bai jira amsa ba ya ci gaba. Ya ce ya saba da ɗalibai, su ci su gama karatu su tafi ba sallama, bai taɓa damuwa ba. Amma Lawal daban ne, kamar ɗan cikinsa yake a wurinsa. Ya kira shi har ya gaji, ƙarshe aka kashe masa waya. Tun daga nan ya hana a ambaci sunansa a shagon.

Na durƙusa a gabansa, a kan titi, na ce, "Ammu, Yaya bai tafi ba sallama ba. Allah ya yi masa rasuwa."

Ya damƙe sandarsa. Ƙarar injin ta tsaya a ciki. Ya ce, "Yaushe?"

"Ran Larabar da washegarinta ka fara kira."

"Wayar tana hannun wa?"

"Hannuna."

Ya daɗe yana kallona, na gwammace ya ɗaga sandar nan ya sauke mini. Leɓensa yana motsi da innalillahi. Sannan ya ce, "Ka sa na yi shekara tara ina fushi da mutumin da yake kwance a kabari." Na ce ya yafe mini, ya kawar da kai, a nan idonsa ya faɗa kan yarinyar da take tsaye a bayana. Ya ce, "Hafsa ce?" Ta ce ita ce. Ni na yi mamaki, don Yaya a gida ko da wasa ba ya kama sunanta, 'yar fari ce, sai dai ya ce yarinyar nan. Ashe a nan, gaban tsohon da ba ruwansa da alkunyarmu, yake sakin baki ya yi ta zancenta. Ammu Fathi ya san ranar da ta sauke izu biyar, ya san tana tsoron kaji. Ya ɗora hannu a ƙirji yana kuka kamar yau aka yi rasuwar.

Abin da ya yi bayan nan ba zan manta ba. Ya sa 'yarsa ta sallami masu cin abinci, ta sauke ƙofar shago rabi, aka jera kujeru a lungu. Ya aika aka kawo gahawa ba sukari, yadda Misirawa suke yi a zaman makoki, ya sa aka kira tsofaffin maƙwabta da suka san Sheikh mai murza inji. Ya zaunar da ni da Hafsat a kusa da shi. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba mu hannu suna yi mana ta'aziyya, wani dattijo ya karanta abin da ya sawwaƙa, aka ɗaga hannu aka yi wa Yaya addu'a. Na sha gahawar nan mai ɗaci ina jin kowace addu'a tana dukan ƙirjina, don da tuni ta isa gare shi.

Da mutane suka watse, ya juyo ya ce, "Shuɗiyar kular nan mai tsagaggen murfi, tana nan?" Na ce tana saman kabad a gidana, amma ina ya san ta? Ya dube ni kamar yadda ya dube ni ranar farko, irin kallon da ake yi wa wanda ba ya ganewa. Ya ce, "Wa kake tsammani yake cika ta?"

Ya ce mako guda bayan ya kore ni Yaya ya zo da ita, ya ce ƙanensa ba ya cin abincin garin nan, yana ramewa, kuma kewar uwarsu ce take sa shi rashin kunya. Ya roƙe shi ya dafa mini yadda Inna take yi. Ammu Fathi ya ce sai da suka yi awa guda suna gardama, don shi a rayuwarsa bai taɓa barin taliya a wuta har ta mutu ba, ko don Baturen da yake biyansa albashi. Amma ya yi. Duk Alhamis ya tsame ta kowa, ya bar tawa tana tafasa, yana juya baya don kada ya gani. Da ƙullin da na bari a tebur ya fara, da ya ƙare Yaya ya riƙa kawo masa wani. Ya share ido ya ce, "Kuma saƙonka yana isowa. Ya ce ka ce in je in yi wata uku a kicin ɗin Hajja Amna."

Hafsat ta rufe baki tana dariya tana hawaye. Ni kam ƙasa na so ta tsage in shige. Shekara uku ina cin girkin mutumin da nake zagi, ina yabonsa da sunan wata, Yaya yana zaune yana kallona bai taɓa cewa uffan ba. Ya san da ya faɗa da na ture kular, in kwana da yunwa don girman kai.

Tsohon ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ture 'yarsa daga gaban tukunya. Ya ce wa Hafsat ita ya san yadda za ta ci, ubanta ya gaya masa. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai fa?" Na ce, "Yadda Yaya yake ci." Aka kawo, ga ɗan jan miya, ga ganye uku. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, har yau a bakina ba ta gama dahuwa ba. Amma na ji zaƙin tumatirin da ban tsaya na ji ba a wancan karon, kuma na cinye tas, na goge farantin da burodi.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Yaya bayan shekara tara, littattafansa suna nan, ɗalibansa sun zama malamai, 'yarsa tana kan hanyar zama likita. Amma ni abin da na fi gani shi ne wannan halin nasa na tsayawa tsakanin masu taurin kai biyu, ya ɗauki alherin wannan ya kai wa wancan, ba tare da ya sa ɗayansu ya sunkuyar da kai ba. Na zauna da shi ɗaki ɗaya ban gane ba sai da ya yi shekara tara a ƙasa. Allah ya jiƙan Yaya Lawal, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi addu'ar da na makarar masa da ita. Wanda kuma yake riƙe da labarin rasuwar wani bai isar ba, ina roƙonsa ya isar yau.

Da za mu tafi na sake cewa ya yafe mini. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya gyara zama a kujerarsa ya ce, "Yalla, ku tafi kafin metro ta cika. Alhamis ka zo da kular, yarinyar nan ba za ta rayu da abincin makaranta ba." Na sauko da ita daga saman kabad na wanke. Yanzu ni nake murza masa injin, ya ce hannuna bai kai na Yaya ba.